Faifan Expressions na Don Williams: me ya hana shi tsufa?

Dan_Fagge78: Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da na san za ta tayar da ƙura. A ganina, cikin duk waƙoƙin Turawa da suka shigo mana a zamanin kaset, babu wanda ya riƙe darajarsa kamar faifan Don Williams mai suna Expressions, na shekarar 1978. Waƙoƙi goma ne kacal, wajen rabin awa ka gama ji. Disko ɗin da aka yi ta tiƙar rawa da shi a wancan lokaci, yau da ka kunna ka san kayan da ne. Shi kuwa wannan ko a tsakiyar waƙoƙin bana ka jefa shi ba zai ji kunya ba. To me ya riƙe shi? Ingancin aikin ne, ko mu ne girma ya zo mana muke kewar ƙuruciya?

Kawu_Tirela: Wa alaikumus salam. Kai, yaron nan ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ni Turancina na hanya ne, bai wuce na gaisawa da 'yan sanda ba, amma mutumin nan ya raka ni Kano zuwa Legas shekara da shekaru. Abin da na sani shi ne muryarsa ba ta sa ka gudu, ba ta kuma sa ka gyangyaɗi. Akwai kiɗan da in kana ji, ƙafarka da kanta take danna totur. Nasa sai dai ka kama gudu ɗaya ka zauna a kai.

Abba_2002: Da girmamawa iyayenmu, kewa ce kawai. Na ji shi a motar babanmu har na gaji. Waƙar barci ce.

Hajiya_Bilki: Abba ɗana, da sauranka. Bari ka yi aure ka kai shekara goma, sai ka dawo mu yi maganar.

Sarkin_Gardama: Kafin a yi nisa, ina da gyara. In ana maganar kantiri na gargajiya, wato kiɗan karkarar Amurka, Don Williams ba ya sahun gaba. Tushen abin yana can a 1927, lokacin da Ralph Peer ya je garin Bristol a jihar Tennessee ya naɗi Jimmie Rodgers da iyalin Carter. Sai Hank Williams, wanda ya mutu ranar 1 ga Janairun 1953 yana ɗan shekara 29, kuma ba ɗan'uwan Don ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. Sai irin su George Jones. Nan ne za ka ji goge yana kuka, ka ji jitar nan ta ƙarfe da ake kwantarwa ana zuga ta, murya ta hanci tana karyewa. Shi Don daga wata ƙungiya ya fito mai suna Pozo-Seco Singers a shekarun 1960, kuma ba kantiri suke yi ba. Mai son faifan gargajiya na gaske ya nemi na Marty Robbins na 1959, wanda labaran kaboyi ne zalla daga farko har ƙarshe.

Dan_Fagge78: Sarki, sunanka ya bi ka. Ai ban ce shi ne tushe ba.

Injiniya_Sauti: Bari in shigo ta ɓangaren sana'ata, don aikin haɗa sauti nake yi. Tambayar Malam Dan_Fagge tana da amsar da ba ta shafi kewa ba ko kaɗan.

Ku tuna yadda waƙa take iso mana a da. Wani ya sayo faifai na asali, mai shagon rikodin ya juye shi a kaset, daga wannan kaset ɗin a juye a wani, daga shi a sake juyewa. Duk juyi ɗaya sai siririn sautin sama ya ragu, shuuu ɗin nan ya ƙaru. Sannan a sa a rikoda mai batir wadda sifikarta ba ta fi tafin hannu ba, ba ta iya fitar da kaurin sautin ƙasa. Me ya rage? Tsakiya. To waƙar da aka gina ta a kan dukan ganga mai kauri da ƙarar faranti, in ta bi ta wannan hanya sai ta iso a gurgunce. Shi kuwa Don duk dukiyarsa a tsakiyar take: murya a gaba, jita mara lantarki a bayanta, sauran kaya can nesa.

Kuma da gangan aka yi haka. Tun faifansa na farko a 1973, wanda Allen Reynolds ya shirya a kamfanin Jack Clement, tsarin shi ne a rage, ba a ƙara ba. Makaɗinsa Kenny Malone sau da yawa ba ya dukan ganga da sanda, da buroshi yake shafa ta ko ya taɓa da hannu. Lloyd Green yakan sako jitar ƙarfe kaɗan ya janye. A Expressions, Don da kansa ne ya shirya tare da Garth Fundis, kuma ba su bar wannan layi ba. Ku sa abin kunne ku saurari tsakanin baiti da baiti, za ku ji fili. Mu a yau fili tsoro yake ba mu, da mun ga gurbi sai mu cusa wani abu. Kuma kayan da ake cusawa su ne suke fara tsufa, domin kowane zamani da na'urar da ake yayi. Muryar mutum da katakon jita ba su da yayi.

Kawu_Tirela: Injiniya Allah ya yi maka albarka, ka faɗi abin da na daɗe ina ji ban iya faɗa ba. Nawa kaset ɗin rana ta gasa shi a gaban mota har ya ɗan lanƙwashe. Rikoda ta sha cinye zaren, in zaro shi a hankali, in sa biro in naɗe. Inda ya tsinke na ɗiga jan farcen uwargida na haɗe bakin. Wurin ɗinkin yakan yi tsalle ya haɗiye kalma biyu, amma waƙar tana nan daram.

Sarkin_Gardama: Injiniya, bayaninka ya nuna dalilin da ya sa ya jure kaset. Bai nuna dalilin da zai sa a ji shi yau ba, da kowa ke da waya mai fitar da sauti tas.

Injiniya_Sauti: Sifikar wayarka ta fi ta rikodar Kawu girma ne, ranka ya daɗe?

Ummi_Jos: Hahaha, an kama Sarki.

Malam_Nazari: Ni matsalata da wannan muhawara daban ce. Mu fa ba faifai muka sani ba, waƙoƙi muka sani. Wa a cikinmu ya taɓa riƙe Expressions da kwalinsa a 1980? Abin da ake sayarwa a kasuwa kaset ne da mai shago ya tsinto masu daɗi daga faya-fayai huɗu ko biyar, ya rubuta sunan mawaƙin da biro a jiki. Shi ya sa za ka ji mutum yana rantsuwa wai Amanda tana cikin wannan faifai, alhali ta 1973 ce, ko I Believe in You wadda sai 1980 ta fito. Saboda haka in an ce faifan ya daɗe, sai in ce a'a, waƙoƙi uku ne daga cikinsa suka daɗe: Tulsa Time, Lay Down Beside Me da It Must Be Love. Sauran bakwai ɗin wa zai iya kawo sunan biyu ba tare da ya leƙa waya ba?

Dan_Fagge78: Malam, maganarka tana da ƙamshin gaskiya game da yadda abin ya zo mana. Amma ukun da ka lissafa ba ƙananan kaya ba ne. Biyu daga ciki sun hau lamba ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri na Amurka, kuma a 1978 ɗin ne ƙungiyar kiɗan kantiri ta CMA ta zaɓe shi gwarzon mawaƙi namiji. Faifai nawa ne ke fitar da uku irin waɗannan? Sauran bakwai ɗin kuma ba ciko ba ne. Ka zauna ka ji shi a jere, za ka ga babu inda ka ji kana son tsallakewa. Ni wannan nake kira faifai mai kyau.

Malam_Nazari: Rashin son tsallakewa ai yana iya zama don duk kama ɗaya suke.

Hajiya_Bilki: Malam Nazari, tuwo ma kullum kama ɗaya yake, ban ga wanda ya yi yaji da shi ba.

Ni abin da ya sa nake ganin girman mutumin nan shi ne kunya. Waƙoƙin soyayya ne, amma za ka iya kunnawa surukarka tana zaune a falo. Ba ihu, ba batsa, ba alfahari. Namiji ne yake magana da matarsa a hankali, irin maganar da mazanmu da yawa suke ji a zuci amma bakinsu ba ya iya furtawa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ce mini komai mai kama da haka ba, sai dai in ya dawo daga aiki ya sa kaset ɗin ya ƙara murya kaɗan ya ɗauki jarida. Na gane saƙon.

Ummi_Jos: Allah ya jiƙansa Hajiya, ya sa ya huta.

Kawu_Tirela: Amin ya Allah.

Abu_Huzaifa: 'Yan'uwa, ina tunatar da mu cewa malamai da yawa sun yi magana a kan kiɗa. Lokacin nan da an yi amfani da shi a wani abin.

Shugaban_Zaure: Mun gode da nasiha Malam Abu_Huzaifa, Allah ya saka. Wannan mas'ala tana da zaurenta, kuma an sha tattauna ta a can. A nan mu tsaya a kan abin da aka tambaya.

Dan_Damagaram: Mu a Nijar gaskiya bai yi ƙarfi kamar wajenku ba. A gidanmu kiɗan Kongo da na Mali aka fi ji, sai na Indiya. Na fara jin sa ne wurin 'yan kasuwar da ke zuwa daga Kano. Amma kaboyi kam mun san su ta silima, har Moustapha Alassane ya yi fim ɗin kaboyi a Nijar a 1966, samari da huluna da dawakai a cikin karkararmu. Ina ganin akwai abin da ke jan mutumin Sahel zuwa ga waɗannan mutane: shanu, doki, fili, tafiya mai nisa.

Sarkin_Gardama: To ka ga wannan hujjata ce. Shanu da doki suna wurin Marty Robbins. Don Williams hula kawai ya ɗauka, waƙoƙinsa na cikin ɗaki ne.

Zango_Kumasi: Gaisuwa daga Kumasi. A nan Jim Reeves ne sarki tun da, musamman safiyar Lahadi a gidajen maƙwabtanmu Kirista, da wuraren makoki. Mutumin ya mutu a haɗarin jirgin sama tun 1964 amma har gobe ana jin sa. Don Williams ya zo ya tarar an riga an share masa hanya. Duk biyun murya mai kauri, a natse, Turanci ɗaya bayan ɗaya wanda ko ɗan firamare zai kama. Kada ku raina wannan na ƙarshen. Da yawa a nan da waƙoƙinsa suka gyara Turancinsu.

Ummi_Jos: Gaskiya ne. Malaminmu na Turanci a sakandare yakan rubuta baitin a allo ya bar gurbi, ya kunna, mu cike.

Tarihi_Madubi: Tunda an zo nan, alaƙar Afirka da wannan kiɗa ta girmi Don da Jim duka. Banjo, wanda yana cikin kayan kiɗan kantiri na farko, bayi 'yan Afirka ne suka ƙirƙiro shi a yankin Karebiyan da Amurka, daga kayan kiɗa na ƙwarya da fata irin na Afirka ta Yamma. Masana sukan kawo akonting na mutanen Jola a Senegal da Gambiya a matsayin ɗan'uwansa na kusa. Duk wanda ya san gurmi zai ga dangantakar. Sannan abin ya dawo gida: a 1950 Hugh Tracey ya naɗi wata waƙa a wurin 'yan ƙabilar Kipsigis a Kenya wadda suka yi ta a kan Jimmie Rodgers, bayan sun ji faifansa a garmaho. Shi kansa Don ya je Harare a Zimbabwe a 1997 ya yi wasa, an ɗauka a bidiyo.

Abba_2002: To in haka ne ku ji Shaboozey mana. Iyayensa 'yan Najeriya ne, Inyamurai, an haife shi a Virginia. Waƙarsa ta yi mako 19 a lamba ɗaya a Amurka a 2024. Beyoncé ma ta yi faifan kantiri ta ci babbar kyautar Grammy da shi. Kantiri ya wuce inda kuka bar shi, Baba.

Hajiya_Bilki: Waƙar Shaboozey ɗin da ake kiran giya daga farko har ƙarshe? Kunna wa surukarka mu gani.

Sarkin_Gardama: Hajiya, a nan kam sai na kare yaron. Giya da kurkuku da kisan kai sun cika kantiri na asali. Johnny Cash a cikin gidan yarin Folsom ya naɗi faifansa na 1968, fursunoni suna tafi. Don ne ya fita daban, ya tsabtace abin. Shi ya sa nake cewa ku kira shi mai daɗi, ku kira shi mai natsuwa, amma ba shi ne ma'aunin gargajiya ba.

Injiniya_Sauti: Sarki, ya danganta da abin da kake aunawa. A ƙarshen shekarun 1970 Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, ta karkata ga cika waƙa da tarin goge da 'yan amshi don a shiga kasuwar pop. A cikin wannan yanayi mutumin da ya zauna a kan kujera da jita ya ce a rage kaya, ai shi ne ya fi kusa da tsohon tsari, ko da bai yi kukan hanci ba. Kuma su masu gargajiyar sun yarda da shi. Alan Jackson, wanda ba wanda zai ce ba ɗan gargajiya ba ne, da ya tashi yin faifan girmama magabatansa a 1999 ya ɗauki It Must Be Love, kuma ta sake hawa lamba ɗaya a 2000. Waƙa ɗaya, mawaƙa biyu, shekara ashirin da ɗoriya a tsakani. Bob McDill ne ya rubuta ta. In kana neman shaidar daɗewa wadda ba kewar Kawu ba ce, ga ta.

Dan_Fagge78: Ƙari a kan haka, Eric Clapton ya rera Tulsa Time a faifansa na wannan shekarar ta 1978. Danny Flowers, mai kaɗa wa Don jita, shi ya rubuta ta a otal a garin Tulsa lokacin da dusar ƙanƙara ta tsare su. Labarin ciki kuma namu ne sak: saurayi ya bar garinsu ya tafi babban birni zai zama wani abu, uwarsa ta kira shi rago, ya je ya tarar ba wanda ke jiran sa, ya tattara ya komo. Wane ɗan cirani ne bai san wannan ba?

Abba_2002: Wannan ɗin kam tana da ɗan motsi, na yarda. Ita kaɗai.

Ummi_Jos: Ni duk bayanin Injiniya Ɗanmaraya ya tuna mini. Kuntigi tsirkiya ɗaya, gwangwani da fata, ba 'yan amshi, ba kalangu. Ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa talaka, ya yi wa ma'aurata. Ya rasu a 2015 amma ka kunna shi yau kamar jiya aka naɗa. Waƙoƙin fiyano na farkon shekarun 2000 kuwa, da muka haukace a kansu, yanzu wasu in an kunna dariya suke ba ni saboda sautin.

Malam_Nazari: Kwatancen bai zauna daidai ba Ummi. Ɗanmaraya shi ke ƙirƙirar waƙarsa, kuma kalmominsa ne ke riƙe mu. Don yawancin manyan waƙoƙinsa wasu ne suka rubuta masa.

Dan_Fagge78: Lay Down Beside Me shi ya rubuta da hannunsa, Malam. Sauran kuma iya zaɓe ai shi ma fasaha ne. A Nashville marubuta daban, mawaƙa daban, haka tsarin yake. Mutum ya hau lamba ɗaya sau 17, ba za a ce sa'a ce ba.

Tarihi_Madubi: An shigar da shi zauren girmamawa na mawaƙan kantiri a 2010, ya rasu a Satumbar 2017 yana da shekara 78. Ranar na ga 'yan Najeriya da 'yan Kenya suna ta jimami a Facebook kamar wani nasu ne ya tafi.

Sarkin_Gardama: Na je na saurare shi a jere kamar yadda Dan_Fagge ya ce. Aiki ne mai tsabta, ban musa ba. Amma ko a cikin faya-fayan Don ɗin, ni Visions na 1977 zan ɗauka, don a can Some Broken Hearts Never Mend take. Kuma har yanzu ina nan a kan bakana: a ajiye shi gefe ɗaya, a ajiye Hank gefe ɗaya.

Hajiya_Bilki: Wato dai ka saurara har ƙarshe ba ka tsallake ba.

Sarkin_Gardama: Bincike nake yi, Hajiya.

Malam_Nazari: Har yanzu ba wanda ya kawo mini sunan biyu daga cikin bakwai ɗin nan.

Kawu_Tirela: Malam ni ko na ukun ban sani ba, da lamba nake gane su, ta biyu a gaba, ta huɗu a baya. Abba, tunda kai ne ɗan zamani, motar da nake ja yanzu ba ta da wurin kaset. Yaya ake zuba shi a memori?

Abba_2002: Kawo wayar Kawu, zan saka maka. Amma zan haɗa da Shaboozey guda ɗaya.